Maigidana zai tura ni Kumasi sayen goro, me zan kiyaye da mutanen Ashanti?

Ɗan Mariri: Assalamu alaikum jama'a. Maigidana zai tura ni Kumasi ta ƙasar Ghana in yi wata uku, in riƙa shiga ƙauyuka tare da dillali muna haɗa goro. Masaukina a Aboabo ne, amma mai gidan da zan kama ɗaki Ba'ashante ne, kuma an ce sai mun gaida sarakunan ƙauyuka kafin a sayar mana. Ban taɓa fita Najeriya ba. Me ake ɗauka rashin ladabi a can wanda mu ba mu ɗauke shi komai ba? Matambayi ba ya ɓata.

Baba Mai Goro: Wa alaikumus salam, yarona. Abin da zai fara ruɗin ka shi ne zango. Ka sauka Aboabo ko Asawase ka ji Hausa ko'ina, ga kiran salla, ga koko da ƙosai da safe, sai ka ɗauka Fagge kake. Da ka fita unguwar kana ƙasar Ashanti ne, dokar gaisuwarsu daban.

Idan ka tarar da mutane a zaune a jere, ba babba za ka fara nema ba kamar yadda aka koya mana a gida. Ka fara da wanda yake ƙarshen hannunka na dama, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu, ko da yaro ne a farkon layin. Dalilinsu shi ne ta haka tafin hannunka ke fuskantar kowa. In ka faro daga hagu, bayan hannu kake nuna wa na gaba. Wanda ya tsallake mutum uku ya doshi dattijo, a wurinmu ya yi biyayya, a wurinsu ya raina mutum uku.

Bayan ka gama za a ba ka kujera, a kawo ruwa. Ka karɓa ka kurɓa ko ba ka jin ƙishi. Sai su kuma su taso su bi ku da gaisuwa, sannan a tambaye ka abin da ke tafe da kai, wanda suke kira amanee. Ko sun san goro ka zo saya, sai an tambaya, kai kuma sai ka faɗa tun daga inda ka taso. Kada ka jefo maganar farashi kafin a kai nan.

A gaban sarki, ko da mai ƙaramin ƙauye ne da suke kira odikro, ba a yi masa magana kai tsaye. Akwai okyeame, mai riƙe da sanda, shi za ka fuskanta ka yi bayani, shi zai isar, ta bakinsa amsa za ta dawo. Ka cire takalmi in ka zo gabansa, ka ɗan rusuna, ba sai ka zube ƙasa irin na fada ba. Kada ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Maganar hula kuwa ka tambayi okyeame tun a waje, don su al'adarsu cirewa ake yi, amma wurare da yawa suna ƙyale Musulmi. Gaisuwar sarki a al'adarsu kwalbar giya ce da ake zuba wa kakanni. Ba wanda zai tilasta maka. Sun daɗe da sanin Musulmi, Kramo suke ce mana. Ka sa kuɗi a ambulan ka ba okyeame, ka ce a madadin abin sha ne.

Hajiya 'Yar Zango: Ƙanena, in ƙara kan na Baba. Hannun hagu. Mu ma ba ma ci da shi, amma nasu ya wuce nan: ba a nuna hanya da shi, ba a ɗaga wa mutum shi, ba a tsayar da mota da shi, ba a miƙa kuɗi da shi ko ga yarinya mai sayar da ruwa. In damanka da kaya, ka miƙa da hagun kana tallafe da daman, ka nemi afuwa da baki.

Kalma huɗu za su yi maka aiki: maakye da safe, medaase na godiya, mepa wo kyew in za ka roƙi abu ko tambaya, sai akwaaba da za a yi ta ce maka, wato sannu da zuwa. Yadda ake cewa mai shago a Kwari "ba ni kaza" ba gaisuwa, a kasuwar Kejetia ta Kumasi mai kaya za ta yi kamar ba ta ji ka ba. Muryarka ma ka sassauta. Suna yi wa 'yan Najeriya kallon masu ɗaga murya, cinikin da mu muke jin raha ne su faɗa suke ji.

Za su tambaye ka ranar da aka haife ka. Ba bincike ba ne, suna za su ba ka: Kofi na Juma'a, Kwame na Asabar, Kwasi na Lahadi, Yaw na Alhamis, kamar dai Ɗanjuma da Ɗan'asabe da Ɗanladi da Ɗanlami. Ka tambayi gyatuma kafin ka tafi, ka amsa sunan, ciniki zai yi sauƙi.

Sai Hausar zango. Za ka ji an ce "Amina ya zo", ka ji ƙ ta koma k. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Mutanen zango ba duka Hausawa ba ne, akwai Mosi da Dagomba da Wangara da Kotokoli da Zabarmawa, Hausa ce ta haɗa su, kuma tasu ce. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke kira Ghana Must Go ma ka nemo mata wani suna. Korar da aka yi wa 'yan Ghana daga Najeriya a 1983 ta samo sunan, su ma sun kori baƙi a 1969, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo. Ba hirar da baƙo zai tayar ba ce.

Malamin Lissafi: Uku daga gare ni. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara. Na biyu, a 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗinsu, wato sidi, amma har yau wasu tsofaffi a ƙauye da tsohon lissafi suke magana. In manomi ya ce miliyan ɗaya, sidi 100 yake nufi. Kafin ka ce ka saya, a rubuta adadin a takarda ko a waya kowa ya gani. Kuma kada ka manta katin rigakafin cutar shawara, za a nema a iyaka.

Baba Mai Goro: Na manta babba, jana'iza. Tunda mai gidanka Ba'ashante ne, da wuya ka yi wata uku ba a yi masa rasuwa a dangi ba. Su gawa tana iya yin makonni, har watanni, a ɗakin ajiya kafin a binne, ranar Asabar ake taron, da rumfuna da kiɗa. Baƙaƙen kaya ake sawa, dangi na kusa su haɗa da ja. Fari sai in tsoho ne tukuf ya mutu, ko ranar Lahadi ta godiya. Don haka farar shaddarka ta Juma'a ka bar ta a jaka, ka sa baƙa ko mai duhu. Akwai tebur da ake ba da gudummawa, nsawa, a rubuta sunanka a ba ka rasit, a kuma faɗa a lasifika. Kada ka ji kunyar shelar, haka tsarin yake. Ɗan haya da bai leƙa ba, an lura da shi.

Abu Sumayya: Baba, a gafarce ni, amma wurin da ake kiɗa da shan giya me zai kai Musulmi? Ya aika da kuɗin kawai mana.

Hajiya 'Yar Zango: Malam, ba cewa aka yi ya je coci ko kabari ba. Zaman gaisuwa na yamma ne a fili: ya bi layin masu makoki daga dama, ya ajiye gudummawa, ya zauna minti goma sha biyar, ya nemi izini ya tafi. Lemo da ruwa suna nan, kuma in an ga Kramo ba a miƙo masa kwalba. Haka mutanen zango ke yi da maƙwabtansu. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya je gida washegari da safe ya yi ta'aziyya da ambulan a hannu. Aike ba tare da an ga fuska ba ne ba ya wadatarwa a wurinsu.

Ɗan Mariri: Allah ya saka da alheri. Baba, maigida ya ce in ba wasu manoma kuɗi tun goro bai nuna ba. Akwai abin lura?

Baba Mai Goro: Akwai. Gadon Ashanti ta wajen uwa yake bi. Gonar dangi in mai noma ta ya mutu, ɗan'uwansa ko ɗan 'yar'uwarsa ke karɓa, ba ɗan cikinsa ba. Dokar gado ta 1985 ta ba mata da 'ya'ya kaso a abin da mutum ya nema da guminsa, amma ba ta taɓa ƙasar dangi ba. Saboda haka kafin ka zube kuɗi ka tambaya: gonar tasa ce ko ta dangi? In ta dangi ce, ɗansa ba shaidar da za ta fisshe ka ba ce. A kira shugaban dangin, abusuapanin, ya sa hannu, okyeame ma ya shaida. A rubuta kwando nawa, farashi nawa, wane wata.

Kuma ka tambayi ranar da ba a shiga gona a kowane ƙauye. Wurare da yawa Alhamis ce, ranar Asase Yaa, uwar ƙasa a al'adarsu, wasu kuma suna da tasu ranar daban. In ka ɗauko mota da 'yan dako ranar, kuɗin mota za ka biya a banza, ba wanda zai bi ka daji.