Maigidana ya dawo daga Difa da ƙafa ɗaya, kuma ya kasa zuwa gaisuwar amininsa

Saƙon wata 'yar'uwa, ta ce a sakaya sunanta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni matar soja ce, nan Damagaram muke zaune, yaranmu uku. Bara motar su maigidana ta taka nakiya a yankin Difa. Allah ya yi da sauran shan ruwansa, amma sai da aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Wanda ke kusa da shi a motar amininsa ne, ɗan garin nan, tare aka ɗauke su aiki. Shi nan take Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata da yara biyu da tsohuwarsa.

Ciwon ya warke, fata ta haɗe, amma gidanmu babu kwanciyar hankali. Da dare sai in farka in tarar da shi zaune yana laluben katifa daidai inda ƙafar take a da, yana cewa babban yatsan ne ke masa zogi. An yi masa ƙafar roba, ya ɗan yi ta sawa, da ta fara yi masa yawa tana goge masa fata sai ya tura ta ƙarƙashin gado. In salansar kabu-kabu ta yi ƙara ko yara suka buga ƙyaure, zabura yake yi gumi ya rufe shi. Ya daina zuwa fada wajen hirar abokansa, ya daina zuwa masallaci. Kwanan nan na gane yana aiken yaro wajen masu tebur a sayo masa tramol. Surukata ta ce iska ce ko jifa, tana so a kai shi ƙauye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yau bai taka gidan marigayin ba. Agogon mamacin yana hannunsa. Tsohuwar ta sha aikowa tana son ganinsa. Na yi masa magana ya ce: “Da wane ido zan dube ta? Ni na ce mu yi musayar wuri da safen nan. Da ni na tafi da ya fi.”

Don Allah ku ba ni shawara. Ta ina zan fara? In matsa masa ya je, ko in ƙyale shi?

Maman 'yan biyu:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba maigidanki lafiya, ke kuma ya ƙara miki juriya. Wallahi sai da na yi hawaye.

Mai aikin kine (gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti):

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Zan yi magana a kan ƙafar, don shi ne aikina.

Zogin da yake ji a yatsan da babu shi gaskiya ne, ba raki ba ne. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin sa, saboda jijiyoyin da aka yanke suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ba ta daina lissafi da ƙafar ba. Akwai magungunan da likita ke rubutawa musamman don ciwon jijiya, daban suke da na ciwon jiki. Akwai kuma aikin madubi: ya zauna ya miƙe ƙafafu, a tsayar da dogon madubi tsakaninsu yana fuskantar mai lafiyar, ya riƙa motsa yatsunta a hankali yana kallon madubin, minti 10 zuwa 15 kullum. Wasu yana rage musu sosai, kuma ba ya cin ko dala.

Ita ƙafar roba ba lalacewa ta yi ba. Dungun ne ya motse, haka yake yi a shekarar farko, sai kwamin da aka auna masa ya yi yawa. Safa ake ƙarawa, in ya wuce haka a sake kwamin. Ku ɗauke ta ku kai sashen haɗa ƙafafun roba na babban asibitin Zinder. CICR, wato ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta duniya, ta daɗe tana tallafa wa wannan sashen, har daga Difa da Agadas ake kawo mutane, amma a 2025 hukumomi suka sa ta rufe ofisoshinta a ƙasar, don haka ku fara tambayar yadda tsarin biya yake yanzu, ku kuma bi ta wajen likitan bariki.

Kafin nan, kada ya riƙa wuni gwiwa a lanƙwashe, kada a sa masa matashi ƙarƙashinta. In ta sandare a haka, ko an gyara ƙafar tafiya za ta yi wuya. Ya riƙa kwanciya rub-da-ciki na ɗan lokaci kullum. A wanke dungun da sabulu da yamma, a tsane shi sarai, a duba bayansa da ƙaramin madubi. Da zafin garin nan gumi kaɗai ya isa ya buɗe fata. In kin ga ja da bai gushe ba bayan an cire ƙafar, ko ƙuruciyar gyambo, a dakata da sawa sai an duba.

Wani daga Garin Malam:

Ku bi maganar tsohuwa. Mutumin da ya ga jini irin wannan dole a nema masa tsari. Asibiti ba ta san komai a kan iska ba.

Majo mai ritaya:

Ɗan'uwa, babu wanda ya hana addu'a, a yi masa ruƙiyya a ɗakinsa ma. Amma zabura da mugun mafarki da gudun mutane bayan tashin nakiya sanannen ciwo ne, sojojin kowace ƙasa suna fama da shi, kuma ana maganinsa. Kai shi ƙauye a rufe shi da hayaƙi ba zai cire masa tramol daga jiki ba.

'Yar'uwa, abu biyu ne ba sa jira. Na ɗaya tramol. Wanda ake sayarwa a tebur sau da yawa ƙarfinsa ya zarce na asibiti nesa ba kusa ba, yana kama mutum, yana kawo farfaɗiya. Amma kada ki ƙwace ki zubar rana ɗaya, jikin da ya saba zai birkice. Likita ne zai rage masa sannu a hankali, ya musanya masa da abin da ya dace. Na biyu, maganar nan ta “da ni na tafi”. Kada ki bar ta ta wuce. Ki zauna da shi lokacin da yara suka yi barci, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. In ya ce e, ko ya yi shiru mai nauyi, ki kawar da magunguna da duk wani makami daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai, ku ga likita a ranar. Akwai masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibiti, zuwa wajensu ba hauka ba ne.

Tsohon soja, Sabon Gari:

'Yata, na karanta saƙonki na kasa wucewa. Na yi aiki a Difa lokacin da abin ya fara, bayan harin Boso da Difa na watan Fabrairun 2015. A watan Afrilun shekarar aka kashe mana sojoji 46 a tsibirin Karamga. Daga baya ga Inates a 10 ga Disamba 2019, mutum 71, wata guda bai cika ba ga Shinagodar, 89. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya ci abinci kwano ɗaya da shi ya dawo gida da rai. Duk wanda na sani a cikin masu dawowar yana da irin maganar mijinki: ni na ce ya hau gaba, ni ya karɓa wa gadi, ni na tsaya ɗaure takalmi. Soja kullum cikin musayar wuri yake, ba ya tuna ko ɗaya sai wadda mutuwa ta biyo bayanta.

Kada ki matsa masa, kuma kada ki ƙyale shi. Ke matarsa ce, kunyarki yake ji, ba ya son ki ga ya karye. Ki nemo mutum ɗaya cikin waɗanda suka yi horo tare, ko wani babba da ya taɓa yi masa kumanda, wanda shi ma ya binne nasa. Ya zo ba da wa'azi ba. Ya zo da butar shayi da gawayi, su zauna a zaure, ko ba su ce uffan ba. In fada ta gagare shi, fada ta zo ta same shi. A zama na uku ko na huɗu za ki ji sun fara ambaton sunan marigayin, har da dariyar abin da ya taɓa yi. Daga nan ne zancen gaisuwa zai taso, kuma wannan abokin ne zai raka shi.

Ki gaya masa wani tsoho ya ce: tsohuwar nan ba shari'a take kiransa ba. An kawo mata labari a baki, an yi jana'iza nesa da ita, ba ta ga gawa ba. Mijinki ne mutum na ƙarshe da ya ji muryar ɗanta. So take ta ji me ya ci da safen, ya yi sallar asuba, ya sha wuya ko bai sha ba. Babu wani mai wannan amsar duk duniya sai shi. Agogon nan kuwa amana ce, na marayu ne, ba ya halatta ya tsufa a aljihunsa. Soja ya san ma'anar a ba shi saƙo ya isar. In kin ce masa “je ka don ka samu sauƙi” zai ƙi. In aka ce masa saura aiki ɗaya da abokinsa ya bar masa, zai tashi.

In babu wanda za ki samu, ki ba admin lambar wani namiji a danginku, ni zan zo.

Malam daga Birni:

Allah ya saka wa Baba tsohon soja. Ƙari kaɗan. Ajali ba ya bin kujerar mota. Allah ya ce idan ajalinsu ya zo ba a jinkirta musu ko sa'a guda, ba a kuma gaggauta musu. Wanda ya ce wa abokinsa “dawo nan” bai san gaibu ba, babu alhaki a kansa.

Game da ƙafar roba, kada ya ɗauke ta abin kunya. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Sallah kuma ya yi ta a zaune in tsayuwa ta gagara, hadisin Imrana ɗan Husaini a fili yake. Ku yi wa limamin unguwa magana a ajiye masa kujera a gefen sahu kusa da ƙofa. Kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma ya yi yaƙi. Wannan ƙofar a buɗe take gare shi ko da ƙafa ɗaya, a buɗe take gare mu mu ma da muke barci a gida saboda su.

Uwar marayu:

'Yar'uwa, ni mijina a yankin Tilaberi ya rasu, don haka bari in gaya miki yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren. An yi zaman makoki na ƙasa, an sauko da tuta, an yi jawabi, mun gode. Amma bayan sadakar arba'in tabarmi ake naɗewa kowa ya kama gabansa. Ki gama takaba wata huɗu da kwana goma ki fito ki tarar da kuɗin haya da na 'yan garuwa suna jiranki. Abin da ya fi yi mini ciwo ba rashin kuɗi ba ne, yadda abokansa suka ɗauke ƙafa ne. Daga baya na gane kunya ce da nauyi suka hana su, amma a lokacin gani nake an manta da shi. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya zo ya zauna ya ba ɗana labarin yadda babansa ke raba ruwan gorarsa da yaran ƙauye in sun fita sintiri, yaron nan sati ya yi yana maimaita wa kowa.

Ke ba sai kin jira maigida ba. Ki shirya ki je, mace da mace. Ki riƙa wa yaran ɗan abu, ki ce wa tsohuwa yana gaishe ta, jikin ne da zuciyar ba su ba shi dama ba tukuna. Ki kuma tambayi matar ko takardunta sun kammala: shaidar rasuwa, takardar aure, takardun haihuwar yara, da takardar zaman iyali da ake yi a kotu a fitar da wakilin magada. Ta yi hoton kowace ta adana, kada ta ba kowa ta asali ya tafi da ita. Ta tambayi sashen kula da iyalai na bariki hakkokinsu, har da asusun waƙafi da aka kafa don iyalan jami'an tsaron da suka rasu a bakin aiki. Mata da yawa ba su san da shi ba. Naku dosiyen na rauni ma ku bi shi da kanku, kada ku ce sai an kira ku.

Maman 'yan biyu:

Admin, in an yarda mu haɗa wani abu don kayan lakwal na marayun nan kafin a dawo daga hutu. Ni na sa jika biyu.

Admin:

An yarda, amma sai an nemi izinin mahaifiyarsu tukuna, kuma ba za a sa hotonsu ko sunansu a nan ba. Mai niyya ya same ni ta akwati.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na yi masa tambayar da Majo ta ce. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce tunanin yana zo masa amma yana tuna yara. Na kira yayansa, mun kai shi wajen likita, an fara rage masa ƙwayar an ba shi wani magani na dare. Ƙafar ma mun kai, sun ce kwamin za a sake, an auna shi.

Na je gidan marigayin. Tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce in gaya masa ba ta da ɗan da ya wuce shi yanzu. Na isar masa, bai ce komai ba, kuma har yanzu bai ce zai je ba. Surukata ta haƙura da zancen ƙauye da sharaɗin a riƙa yi masa karatu a gida. Baba tsohon soja, na ba admin lambar yayan nasa, ya ce ranar Juma'a bayan la'asar ta yi, in ta yi maka.