Kanon ɗin Pachelbel a jita: wane tsari ne ya fi gwara kan makaɗi?

Sani (Marwa): Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana. A cikin tsare-tsare uku na Kanon da muke koyo, mai dukan jikin jita shi ne mai wuya. Na maɓallin Do (wato sautin da aka gina kiɗan a kansa) na 'yan koyo ne, na Re kuma a hankali ake tafiya, duk mai haƙuri zai iya. Amma a ce babban yatsa yana marin tsirkiya a bugu na biyu da na huɗu, sauran yatsu suna fitar da waƙa, tafin hannu yana ba da ganga, duk a lokaci guda? Wannan aikin mutum uku ne.

Malam Hamadu (Garwa): Wa alaikumus salam. Sani, ƙanena, ka faɗi aikin mutum uku, to bari in tuna maka cewa asalin kiɗan na mutum huɗu ne. Johann Pachelbel, Bajamushe ɗan Nuremberg da ya rasu a 1706, ya rubuta shi ne don goge irin na Turawa guda uku da bas, wato murya mai zurfi da ke tafiya a ƙasa. Bas ɗin sauti takwas ne kacal: Re, La, Si, Fa diyes, Sol, Re, Sol, La, ana maimaita su sau 28. Gogen farko ya fara waƙa, na biyu ya biyo shi da waƙar nan dai bayan ma'auni biyu, na uku ma haka. Duk wanda ya ɗora wannan a kan jita ɗaya dole ya zubar da wani abu. Tsarinka ya zubar da goge biyu ya cike gurbin da duka. Na Re yana ƙoƙarin riƙe murya biyu a sama, bas yana tafiya a ƙasa. Wuyar tana nan.

Sani (Marwa): Malam, ban ƙi tarihi ba. Amma hannu ake tambaya, ba takarda ba.

Malam Hamadu (Garwa): To mu je ga hannun. A Re, kowane zagaye sai ka bi ta haɗin sautukan da ake kira Si mino sannan Fa diyes mino, ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa manuniya tana kwance a gida na biyu, cikin gidajen da aka raba wuyan jita da su, ta danne tsirkiyoyi. Kana cikin wannan dannewar ƙaramin yatsa zai miƙa zuwa gida na biyar ya ɗauko La a tsirkiyar farko. In ka ɗaga manuniya ko kaɗan, bas ya mutu, kuma kowa zai ji ya mutu, don babu wata ƙara da za ta rufa maka asiri.

Amina (Ngaundare): Ina goyon bayan Malam a nan, amma ina da ƙorafi kan yadda Yaya Sani ya raina na Do. Do, Sol, La mino, Mi mino, Fa, Do, Fa, Sol. A ido kamar banza. Sai dai Fa tana zuwa sau biyu a kowane zagaye, kuma mai ƙaramin hannu irina ba zai iya lanƙwaso babban yatsa ta bayan wuyan jita ya kama tsirkiya ta shida ba. Ga shi wurin nan mai sauri, inda sautuka ke zubowa a jere, ba ya rage gudu don an sauya maɓalli. Yara da yawa suna kaɗa farkonsa da kyau, suna isa can sai bas ya ɓace, waƙa kaɗai ke tsira.

Bello (Injamena): Amina, sa kapo, abin nan da ake maƙalawa a wuyan jita ya danne duk tsirkiyoyi, a gida na biyu ki kaɗa siffofin Do, zai fito a Re daidai, kuma gidajen sun ɗan matsu, Fa za ta yi miki sauƙi. Ni tambayata ga Malam ce. Ai masu tsarin Re suna sassauta tsirkiya ta shida daga Mi zuwa Re. Ke nan Re da La duk a buɗe suke, ba dannewa. Wannan ba rangwame ba ne?

Malam Hamadu (Garwa): Rangwame ne da ake biya daga baya, Bello. Ka samu Re mai zurfi kyauta, gaskiya. Amma Sol ta tashi daga gida na uku ta koma na biyar, Fa diyes ta koma na huɗu. Yanzu bas yana jan hannunka sama, waƙa tana riƙe da shi a gida na biyu da na uku. Sol kuwa sau biyu take zuwa a zagaye.

Sani (Marwa): Duk na ji. Amma ku da kuke cewa duka yana ɓoye kuskure, kun taɓa gwada fitar da sautin waƙa da bayan farce a daidai lokacin da babban yatsa ya sauka? In ka makara da ƙiftawar ido, kiɗan ya karye gaba ɗaya. Ga sautin ƙararrawa da ake taɓowa a gida na sha biyu da na bakwai, yatsa ya kauce kaɗan ba abin da zai fito. Mai na Re in ya gaji yana iya jan lokaci a ce salo ne. Ni ba ni da wannan damar.

Amina (Ngaundare): Wannan kam gaskiyarka ce, Yaya. Duka ba ya yafe makara.

Bello (Injamena): Akwai abin da ba ku ambata ba, kuma shi ya fi damuna. Wace jita? Malam yana da mai tsirkiyar nailan da faɗin wuya. Mu yawancinmu mai tsirkiyar ƙarfe muke da ita, ta hannu, hunturu ya busar da katakon, zafin Afrilu ya ƙarasa shi, tsirkiya ta yi nesa da wuya har ana iya zura tsinken ashana biyu a tsakani. A irin wannan jitar danne gida na biyu na minti huɗu azaba ce, tsintsiyar hannu ke ɗaukar zafi tun kafin a kai rabi. Shi kuma dukan Sani yana son tsirkiya ta kwanta kusa, in ba haka ba marin ba ya ƙara. Na Do ne kaɗai ke jure wa kayanmu.

Malam Hamadu (Garwa): Shi ya sa nake cewa a kai wa mai gyara ya rage ƙashin gadar, wanda tsirkiyoyi ke hawa a kansa a jikin jita, kafin a zargi yatsu. Sani, ga abin da nake so. Ka ɗauki zagaye huɗu na farko na tsarin Re, ba duka ko ɗaya, a hankali, kowane bas ya yi ƙara har na gaba ya karɓe shi. Ni ma zan ɗauki huɗu na naka. Mu turo ranar Juma'a bayan la'asar, 'yan zaure su saurara.

Sani (Marwa): Na yarda, Malam, amma da sharaɗi: ku sa na'urar ƙidayar bugu a naku, a ji ta a cikin ɗaukar. Kuma Bello ya ara muku jitarsa idan ya shigo Garwa.

Bello (Injamena): Sai bayan sallah zan zo. Ku fara da naku tukuna.