Gurup ɗin danginmu na WhatsApp na neman watsewa kan siyasa, mi zan yi?

Ɗan Illela a Bukoki:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah shawara nike bida, abin nan ya kai kwana goma yana ci na a rai kuma ban san wa zan kai ma kuka ba tunda duk wanda na sani yana cikin maganar.

Ni mutumin Illela ne amma nan Yamai nike zaune, ina gyaran salula. A 2018 na buɗe ma danginmu na wajen inna gurup a WhatsApp, ni ne admin har yau. Mun wuce mutum ɗari, wasu na gida, wasu Tawa, wasu nan Yamai, ga ƴan bida da ke Abijan da Libiya da Tamanrasat. Wallahi gurup ɗin ya yi muna rana. Haihuwa nan za ka ji ta, rasuwa nan za ka ji ta, in damana ta sauka sai wani ya ɗauko bidiyon gona ya turo, ka ga hatsi ya yi kore shar, kai da ke cikin zahin Yamai ka ji sanyi har cikin ranka. Da shi munka tara kuɗin gyaran rijiyar unguwarmu, wanga jika ɗaya wancan jika biyu.

Siyasa dama ana taɓa ta. Kawunmu babba ɗan jam'iyyar Tarayya ne tun zamanin konferans ta ƙasa ta 1991, kun dai san yadda jihar Tawa take da Tarayya balle wajenmu da tsohon shugaban ƙasa Isufu ya hito. Lokacin zaɓen 2021 akwai ƴan jam'iyyun Lumana da Canji cikinmu, a tsokani juna a yi dariya a wuce. Amma tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 abin ya sake kama, kullum sai an yi, kaɗan kaɗan har ya kai inda ya kai yanzu.

Kawu bai iya rubutu ba sai bokal, wato saƙon murya. Ran nan ya yi wani na minti bakwai yana cewa yara ba su san komi ba, ba su ga zamanin Kunce ba, ba su san mi ake ce ma mulkin soja ba, sun samu salula suna ta surutu. Sai ɗan ƙanwar innarmu da ke Abijan, yaron da Kawu ya saida bijiminshi ya yi mashi aure, ya maida mashi cewa ku ne kunka saida ƙasar ga Faransa kuna cin kuɗin talakawa, yanzu an tuɓe ku kuna kuka. Gaban kowa, da mata da surukai da jikoki. Daga nan sai wuta ta kama, kahin gari ya waye saƙo ya wuce ɗari ukku. Abin da ya hi ƙona mani rai, tsakiyar wanga rikici anka sa sanarwa cewa an kai Inna Babba asibitin Galmi za a yi mata aiki ana neman gudummawa, bokal ya binne ta, ni admin sai bayan kwana biyu na gani. Kawu ya hita daga gurup, mutum goma sha ɗaya sun bi shi.

To jama'a in hana maganar siyasa gaba ɗaya ne? In hidda yaron? Ko in rufe gurup ɗin kowa ya huta?

Mai shayi Wadata:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa hidda shi yau ba sai gobe ba. Yaro ya zagi kawunshi gaban jama'a kuma kana tambaya? Wannan ba siyasa ba ce, rashin tarbiyya ne. Mu a fadarmu kullum dare musu muke, akwai mai son Janar Tiani da ya yi juyin mulki kamar ranshi akwai wanda har gobe Bazum da anka tuɓe yake kira, mu yi ta ihu har shayi na ukku ya ƙare, amma ba wanda ya taɓa zagin uban wani don ga ka ga shi, gobe kai za ka ranta mashi dala ɗari na essans. Salula ce ke sa ƙaramin yaro ya ji shi zaki ne. Ka hidda shi, in ya ba Kawu haƙuri ka maido shi.

Mushe daga Madawa:

Salam. Ƙanena na karanta bayaninka har sau biyu, Allah ya ba Inna Babba lahiya. Ni malamin lakwal ne kuma ina cikin gurup irin wanga sun kai biyar, bari in gaya maka abin da nike gani ko da zai yi tsawo.

Kahin komi ka tsare kanka da mutanenka. Akwai dokar laihukan intanet tun 2019. A 2022 an cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, sai tara, amma a watan Yuni 2024 an maido da ɗaurin, har da kan yaɗa abin da aka ce yana iya tada hankalin jama'a. Ma'ana bokal ɗin da mutum ya yi cikin fushi yana iya kai shi gidan kaso. Kuma kada ka ce ai gurup na dangi ne, mutum ɗari ba sirri ba ne, wanda ranshi ya ɓaci sai ya tura bokal ɗin waje ko ya ɗauki hoton saƙon, kai da ke gyaran salula ka hi ni sanin sauƙin abin. Wanda ke Abijan zai hwaɗi son ranshi ya kwanta barci, wanda ke Tawa da ya amsa mashi shi za a zo ma. Wannan ka bayyana masu shi da Hausa dalla dalla, da yawa ba su sani ba.

Amma ban yarda da cewa ka hana siyasa gaba ɗaya ba, don ba za ta hanu ba. Ka duba ina mutane za su yi ta? Da can akwai gangami, akwai gidan jam'iyya, akwai kampe, mutum ya sa hularshi ya je ya yi ihu ya dawo gida. A watan Maris 2025 an rusa jam'iyyu duka. RFI da France 24 an dakatar da su tun Agusta 2023, BBC ma da tsofaffinmu ke kwana da ita an dakatar da ita wata ukku a Disamba 2024. To mutum kamar Kawunku da ya yi shekara talatin yana siyasa ina zai kai abin da ke cikinshi in ba wanga gurup ba? Su kuma samarin, su ne sunka kwana a Eskadiri gaban sansanin sojojin Faransa har sunka ga hitarsu a Disamba 2023, suna ganin karon farko ke nan da muryarsu ta yi aiki, ba za su yarda a ce masu ba ku san komi ba. Kowane ɓangare yana da abin da ke mashi ciwo da gaske.

Ka tuna bayan zagaye na biyu na zaɓen 2021 da anka yanke intanet na salula wajen kwana goma? Ni ina Madawa lokacin, musu bai tsaya ba ko na yini ɗaya, sai dai ya koma bakin masallaci da tasha da wurin mai nama. Abin da na lura shi ne can in murya ta hau akwai dattijon da zai ce kai ya isa, ko Bagobiri ya jefa ma Bazabarme wasa kowa ya kwashe da dariya magana ta mutu. Wasan nan namu na dangantaka, irin na Arawa da Fulani, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014, amma cikin gurup ba ya aiki sosai don ba ka ganin huskar mai maganar, kana jin bokal ɗin kai kaɗai cikin dare ka sake maimaita shi sau ukku kana ƙara hasala.

Shawarata ka buɗe gurup na biyu na musu kawai, wanda ke so ya shiga, na farkon ka bar shi don zumunci da sanarwa. Kuma ka ƙara admin, ka sa dattijo guda da mace guda, kada nauyin ya tsaya kanka kai kaɗai.

Maman Biyu, Talaje:

Ɗana sannu da ƙoƙari. Mu mata tun tuni munka gudu daga gurup ɗin maza na gidanmu munka yi namu, can muke adashe, can nike tallar atamfa da turaren wuta, in ɗiyar wata ba lahiya a yi mata sannu. Forfe na dala ɗari da za ka saya don ka ji lahiyar mutanen gida sai bidiyon siyasa ya cinye shi kahin azahar.

Ni abin da ke damuna ba zagin ba ne kaɗai, ƙaryar da ake turawa ce. Innata tana ƙauye wajen Konni, ba ta yi lakwal ba, bokal ɗin nan shi ya buɗe mata duniya tana jin muryar jikokinta kullum, na gode Allah da shi. Amma duk abin da ta ji cikin salula gaskiya ne wurinta. A watan Agusta 2023 lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe iyaka tana barazanar kawo sojoji, Najeriya ta yanke muna kuran muna kwana cikin duhu, wani ya tura bidiyon motocin yaƙi wai ga su nan sun taso ma Konni. Ƙarhe biyu na dare ta kira ni tana kuka, ta ɗaure kayanta cikin zane wai za su shiga daji da yara. Na kira ƙanena da ke kasuwar Konni ya ce lahiya lau suke ko harbi ɗaya ba a yi ba. Tsohuwar nan mai hawan jini sai da ta yi kwana huɗu kwance. Wanda ya tura ko a jikinshi, ya ce shi ma turo mashi anka yi.

Kada ka hidda yaron, in ka hidda shi uwarshi za ta riƙe ka a rai kuma ita ma innarka ce. Uwar tashi za ka kira. Ita ta san yadda za ta yi da ɗanta da kuma wanta.

Ɗan bida Ajame:

Ni ina Abijan shekara tara ke nan, bari in ce wani abu don na ga kowa ya hau kan yaron. Bai kyauta ba, wallahi bai kyauta ba, ko mi Kawu ya ce kawu ne. Amma ku da ke gida ba ku san zaman da muke ba. Lokacin da shugaba Watara ya ce zai bada sojoji a shiga Nijar muna nan cikin ƙasarshi muna tura amalanke muna saida kaya, uwayenmu suna can inda za a kai yaƙin, ba mu iya cewa uffan a waje, gurup ɗin nan kaɗai ne inda muke buɗe baki. Kuma mi ya kawo mu nan tun farko in ba rashin aiki a gida ba, duk gwamnatocin da anka yi. Mu ke turo kuɗin hatsi da na magani duk wata, amma in munka yi maganar ƙasa sai a ce yara ne ba su san komi ba. Wannan kalmar tana da zahi yaya. A gaya ma yaron ya bada haƙuri, amma a samu wanda zai iya gaya ma Kawu a keɓe cewa shi ma ya rage.

Mai shayi Wadata:

Ɗan bida na ji ka kuma gaskiya ka hwaɗa, Allah ya maido ku gida lahiya. Amma haƙurin a cikin gurup zai bada shi da bakinshi tunda nan ya yi zagin, ba a ɓoye ba.

Ɗan Illela a Bukoki:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Mama na bi maganarki, jiya bayan isha'i na kira innar yaron, ashe ita ma kwana goman nan ba ta iya zuwa gidan Kawu ba don kunya, tana ta kuka a waya. Ta kira yaron, shi kuma ya kira ni wajen sha biyun dare mun yi kusan awa guda. Ya ce ya yi nadama tun washegari amma ya ga Kawu ya yi mashi bloke. Ya yarda zai yi bokal na ban haƙuri, na ce ya dakata tukuna don Kawu ba ya cikin gurup ɗin balle ya ji.

Mushe na buɗe na biyun yau da sahe, mutum ashirin da shida sun shiga, na kuma yi masu bayanin dokar kamar yadda ka ce. Na farkon na sa yayarmu da ke Tawa admin, mun sake sa sanarwar Inna Babba mun maƙala ta sama, zuwa yanzu an tara jika tamanin da biyar, an yi mata aikin tana samun sauƙi.

Kawu ne dai har yanzu bai ɗauki wayata ba, na kira sau huɗu. Na sayi tikitin kar na ran Juma'a, zan biya Galmi in duba Inna Babba sannan in wuce Illela in same shi gida, in zauna gabanshi in kira yaron su yi magana. Abin da ban sani ba, in tahi ni kaɗai ko in ɗauki liman na unguwarmu, don abokinshi ne tun suna yara amma ina tsoron Kawu ya ce na kai maganar gida waje. Wanda ya san halin dattawan yankinmu na Adar ya taimaka mani kahin Juma'a.