Zan iya canza kwalaben amfilifayar jita da hannuna?

Mai Jitar Biki:
Assalamu alaikum. Ina da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sautin jita, ta gwanjo mai ƙarfin wat 40, irin mai aiki da bawul, waɗanda muke kira kwalabe. Tana da manya biyu, 6L6GC, da ƙanana uku, 12AX7. Kwanan nan sautinta ya dusashe, tana kuma ƙarar tartsatsi idan ta ɗauki zafi, kuma na ga tabon azurfar da ke cikin ɗaya daga cikin manyan ya koma fari kamar alli. Shin zan iya canza su da kaina, ko akwai haɗari?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Farin nan da ka gani alama ce ta iska ta shiga kwalbar, don haka ta mutu, kada ka sake kunna na'urar da ita. Cire kwalba da saka wata ba shi da wuya, matuƙar hannunka bai shiga cikin akwatin ƙarfen da wayoyi suke ba. A can ne ajali yake, domin kondansoshin da ke ciki, wato kayan da ke ajiye wuta, suna ɗaukar bolt 400 zuwa 500, kuma suna iya riƙe wutar bayan an zare filogi daga bango.

Ka kashe, ka zare filogi, ka jira kamar minti 20 gilashin ya huce. Manyan suna shiga soket mai rami 8, suna kuma da wani ɗan turke a tsakiya mai tudu a gefe ɗaya, wanda dole ya dace da tsagar soket. Ka kama su ta gindi, ka danne maƙalin ƙarfen da ke riƙe su, ka riƙa girgizawa kaɗan kaɗan kana ja, ban da murɗawa, don turken nan yana saurin karyewa. Ƙananan ƙafa 9 gare su da giɓi a wuri guda, kuma ƙafafun sirara ne, idan ba su shiga da sauƙi ba kada ka tilasta.

Tsohon Makaɗi:
Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai batun bayas, wato daidaita yawan wutar da manyan kwalabe ke ja lokacin da ba a kiɗa. Ƙananan ba sa bukatar wannan. Wasu amfilifayoyi, irin Vox AC30, su ma suna daidaita kansu, amma yawancin masu 6L6GC sai an auna da mita an juya wani ɗan maɓalli a ciki yayin da wuta ke kunne. Wannan aikin mai gyara ne, ɗana, ba na makaɗi ba. Na taɓa saka sababbi ban daidaita ba, ana tsakiyar wasa na leƙa baya na ga farantin cikin kwalbar ya yi ja kamar garwashi, kafin in kai hannu ga makunni fis ya ƙone.

Ka kuma sayi manyan biyu tare, waɗanda aka gwada aka tabbatar jan wutarsu ɗaya ne. Kada ka haɗa sabuwa da tsohuwa, kada kuma ka sa EL34, wata irin babbar kwalba, a gurbin 6L6GC don kawai ƙafafunsu sun shiga soket ɗaya.

Mai Gyaran Rediyo:
Na manta abu ɗaya mai muhimmanci. Kada ka taɓa kunna ta ba tare da lasifika a haɗe ba, domin hakan yana iya ƙona taransifomar sauti, wadda take da tsada. Tunda ta gwanjo ce, ka duba bayanta ko ta Amurka ce mai bolt 120, don wutarmu 230 ce.

Mai Jitar Biki:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, 230 aka rubuta. Ƙananan zan canza da kaina ɗaya bayan ɗaya don in gano ko tartsatsin daga cikinsu yake, manyan kuwa zan kai wa mai gyara ranar Asabar.