Fiziya ko "kimiyyar lissafi"? Mu tsayar da magana ɗaya

Jama'a, assalamu alaikum. Ina so mu tsayar da suna ɗaya ga fannin nan da 'yan sakandare ke kira fiziks. An riga an kawo shawara biyu: wani malami ya ce "kimiyyar ɗabi'a", ƙanwata kuma ta ce "kimiyyar zahiri". Labaran lambobin yabon da ake bai wa masu bincike na ƙasashe masu tasowa ne suka tayar mini da maganar, domin sau da yawa sai ka ga an rubuta "masanin kimiyyar lissafi", mai karatu kuwa ya ɗauka malamin lissafi ake nufi.

A birnin Tiriyeste na Italiya akwai cibiyar binciken wannan fanni ta ƙasa da ƙasa mai suna ICTP, wadda masanin fannin Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a 1964. Shi Salam ya ci kyautar Nobel a 1979 tare da wasu mutum biyu, saboda sun nuna cewa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da wani rarraunan ƙarfi da ke cikin ƙwayar zarra tushensu guda ne. Cibiyar ta ƙirƙiro lambar yabonta ta matasan masu bincike a 1982, sannan tun 2005 ake ba da lambar Ramanujan a can ga masana lissafi 'yan ƙasa da shekara 45, wadda Mouhamed Moustapha Fall ɗan Senegal ya samu a 2022. Fall shi ne masanin lissafi. Idan muka kira Salam da wannan suna, me ya rage da za mu bambanta su da shi?

Mu dawo gida. A 2015 ƙungiyar OWSD ta mata masana kimiyya, tare da gidauniyar Elsevier, ta karrama mata biyar, uku daga Najeriya. Ɗaya ita ce Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, 'yar Wangara ta ƙaramar hukumar Gezawa. Bincikenta a kan sararin samaniya yake, da yadda ƙura da sare dazuzzuka ke taɓa yanayi. Ƙurar nan dai da ke rufe garin Kano da hunturu, rana ta koma kamar faifai, jirgi ya kasa sauka. Yarinyar da ta ji an ce "kimiyyar lissafi" ba za ta taɓa kawo wannan a ranta ba, allo da alli kawai za ta hango. Lissafi kayan aikin fannin ne, ba shi ne fannin ba.

Malam, na ga shawararka ta "kimiyyar ɗabi'a", kuma na san daga Larabci ka ɗauko ta, tana da asali. Sai dai Bahaushe in ya ji ɗabi'a, hali da tarbiyya yake ji. A ce Hajiya Rabi'a masaniyar ɗabi'a ce, gobe a kawo mata yaro mai ƙiriniya. Allah Ya gafarta Malam, wannan ba za ta zauna ba.

Ƙanwata da ta kawo "kimiyyar zahiri", kin fi kusa. Amma rabin aikin fannin a kan abin da ido ba ya gani ne. Nashwa Eassa 'yar Sudan, wadda aka karrama tare da Rabi'a, a kan ƙwayoyin da suka fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba take aiki.

Ni dai fiziya na zaɓa. Ta ƙare da wasali kamar yadda harshenmu ke so, ba kamar fiziks da ke sa mutum ya ƙara mata "i" ko ya haɗiye ƙarshenta ba. Tana kuma karɓar ƙira ba gardama: masanin fiziya, masaniyar fiziya, masana fiziya, sashen fiziya, malamin fiziya na aji huɗu. Ɗan Maraɗi da ya yi boko da Faransanci yana cewa fizik, ɗan Zariya yana cewa fiziks, Bahaushen Sudan da ya yi karatu da Larabci dama fiziya ya sani. Dukansu ukun in suka ji ta ba sai an yi musu bayani ba. Mai cewa aro ce, ya tuna kimiyya ma daga Larabci muka aro ta, can kuwa ilimin sinadarai take nufi, mu muka faɗaɗa ta.

Sai kuma kalmar "matasa" da ake kiran masu samun waɗannan lambobin yabo da ita. Ga lambar Ramanujan daidai ne, tunda shekarun haihuwa ake dubawa. Ta OWSD kuwa daga lokacin kammala digirin digirgir ake lissafi, shi ya sa Rabi'a, haifaffiyar 1963, ta samu tana da shekara hamsin da ɗoriya. Wannan sharaɗi adalci ne ga matanmu da aure da raino ke jinkirta wa karatu, kada mu ɓata shi da kalma. A irin wannan a ce "sababbin jini a fagen bincike".

Abin da ban gamsu da shi ba tukuna shi ne sunan da zai haɗa fiziya da ilimin sinadarai da na taurari da na ƙasa a inuwa ɗaya, kishiyar ilimin halittu masu rai. "Kimiyyar abubuwa marasa rai" ta faɗi gaskiya, amma ta yi wa kanun labari tsawo. Malaman da ke koyar da waɗannan darussa a Zinder da Tawa da Katsina, in kuna yi wa yara ƙarin bayani da Hausa, me kuke cewa?