Yarona ba ya barin komai a ɗaure, ku ba ni shawara

Uwar yara: Assalamu alaikum. Muna wani ƙauye a gefen Gaya. Yaron wajena ya addabe mu da kwance-kwance. Tocila biyu ya farke, sai rediyon babansa, wadda ya saya tun kafin aurenmu, da ita yake jin labaran safe, ga abokiyar zamana tana cewa ni na sangarta shi. Jiya ya sha duka, yau na tarar da shi a bayan rumbu ya buɗe fitilar sola, wai yana neman inda hasken rana yake kwana. Tausayi yake ba ni wallahi. Yaya zan yi?

Mai gyaran rediyo: Hajiya, duka ɓuya kawai zai koya masa. Ranar Juma'a a samo masa matattun tocila wajen 'yan gwangwan a kasuwar Wudil, su zama nasa. Batir biyu, kowanne an rubuta 1.5V a jikinsa, a jera su kai da gindi su ba da 3, daidai abin da farin ƙwan tocila mai ƙafa biyu yake so. Doguwar ƙafar ta bi ɓangaren +. In aka juya ba zai kama ba, kada a ce ya mutu. Abu uku kada ya taɓa: soket, tsohuwar talabijin mai ƙeya domin tana riƙe wuta ko an zare ta, da batirin waya, wanda in aka huda yake kamawa da wuta.

Malamin firamare: Kada a mayar da shi ɗan gwangwan. Aji nawa yake? Makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu da jarrabawa ake shigarta bayan ƙaramar sakandare, kuma sai da lissafi. Halin iyayen ƙauye ke nan, ranar kasuwa sai aji ya zama kango.

Wata 'yar'uwa: Yaya, ki fara ba maigida haƙuri tukuna. Wa zai gyara rediyon?

Mai gyaran rediyo: Malam, wanda ya ga 1.5 biyu sun zama 3 da hannunsa ai lissafi yake yi. Rediyon kuma yawanci wayar gidan batir ce ko ta sifika ta tsinke, ɗigon dalma ya ishe ta.

Uwar yara: Ni fa ban ce ba ya zuwa makaranta ba. Batirin waya kuwa guda biyu ne a kwalinsa tun bara, ba abin da ya faru.

Mai gyaran rediyo: Ki ɗauke su yau, Hajiya, balle in sun kumbura.

Malamin firamare: Har yanzu ba ki faɗi ajinsa ba.