Neman asalin wani Bature ɗan Ingila

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Daga nan Damagaram, yaya ake gano dangin wani ɗan Ingila da ya yi fataucin gyaɗa a Kano? Sunansa kawai ke hannu, an haife shi wajejen 1890.

Malam na Zango: Wa alaikumus salam. Fara da FreeBMD, shafin intanet mai jerin sunayen rajistar haihuwa, aure da mutuwa, kyauta ne. Tun Yulin 1837 ake rubuta haihuwa, aure da mutuwa a Ingila. Sai dai an jera sunayen mutanen ne a rukunin wata uku-uku, kuma ranar rajista ake bi, ba ranar haihuwa ba. Yaron Disamba kan faɗa cikin Janairu zuwa Maris na shekara mai zuwa, nan mutane ke ɓata. Idan masu sunan sun yi yawa, duba shafin GRO, wato babban ofishin rajista na gwamnati, yana nuna sunan gidan su uwar.

Hajiya ta Sabon Gari: Ɗana, ka haɗa da ƙidayar jama'a ta 1891, 1901 da 1911, can za ka ga iyaye, ƴan'uwa da sana'ar uban. Kada ka wahala neman ta 1931, gobara ta cinye ta a 1942.

Malam na Zango: Gaskiyarki, Hajiya. Kafin 1837 kuwa sai littattafan coci.